Gida Biyu Maganin Gobara

Ni dai ba masanin ƙwallon ƙafa ba ne, ɗan kallo ne kawai, irin wanda kan biya kuɗin benci ya zauna ya yi ta ihu har muryarsa ta dushe. Saboda haka mai karatu ya yi mini afuwa idan ya ga na shigo da zancen tamaula cikin mujallar da aka saba ganin nazarin harshe da adabi da al'ada. Dalili ne ya kawo ni, kuma dalilin ya faro ne daga wani dare a garinmu Jalingo.

Ranar Talata ce, 29 ga watan Janairu, 2013. Najeriya na karawa da Habasha a wasanta na uku a gasar cin kofin nahiyar Afirka da aka yi a Afirka ta Kudu. Wasanni biyun farko, da Burkina Faso da kuma Zambiya, duk kunnen doki aka yi, ɗaya da ɗaya. Gidan kallon unguwarmu rumfar kwano ce da aka kewaye da zana da tsofaffin buhuna, ga janareta na ruri a baya, ga hayaƙinsa na shigo mana ta ƙasa. Ranar babu masaka tsinke. Da aka tafi hutun rabin lokaci muka yi sallar Magariba a gurguje, abokina Bamumuye da muka taso tare, wanda shi Kirista ne, ya tsare mini gurbina a kan benci. Aka dawo aka ci gaba, har aka kusa minti na 80 babu ci, ga shi kuwa ana cewa in aka tashi a haka muna iya tattara komatsanmu mu dawo gida. Can sai wani saurayi mai suna Victor Moses ya kutsa da ƙwallo cikin da'irar Habashawa, aka kwashe masa ƙafa, alƙalin wasa ya ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shi ya buga da kansa, ta shiga. Ana dab da tashi aka sake kayar da shi, aka ba golan Habasha jan kati, ya sake bugawa a minti na 90, ta sake shiga. Bencin da muke kai ya karye, ba wanda ya kula.

A hanyarmu ta komawa gida muna tafe muna tsalle, sai abokin nawa ya ɗan yi shiru, sannan ya ce da ni, da irin Hausarmu ta Jalingo, "Kai ka san yaron nan maraya ne? A Kaduna aka kashe baban shi da maman shi." Ban tambaye shi su wa suka kashe su ba, shi ma bai faɗa ba. Muka ƙarasa mararrabar da muke rabuwa, ya yi hanyar gidansu na yi ta namu.

Daga baya ne na bi diddigin labarin. Kamar yadda jaridu suka sha bayarwa, mahaifin Moses fasto ne a Kaduna, kuma a rikicin addini na shekarar 2002 aka hallaka shi tare da matarsa, alhali yaron yana waje yana buga ƙwallo a kan titi. Shekararsa 11 a lokacin, domin a Disamban 1990 aka haife shi. 'Yan'uwa suka ɓoye shi, suka haɗa kuɗi aka tura shi Ingila a matsayin mai neman mafaka, inda aka damƙa shi ga wasu masu riƙo a kudancin birnin Landan. Ka ƙiyasta yaron da ya saba da ƙurar Kaduna da hayaniyarta, ya wayi gari cikin sanyi, a gidan mutanen da bai taɓa gani ba, babu uwa babu uba. Abu ɗaya kawai ya zo da shi daga gida wanda mutanen can suke fahimta ba sai an yi tafinta ba, wato ƙafarsa.

Ƙungiyar Crystal Palace ce ta tsinto shi daga wasannin yara na unguwa, ta raine shi, har ya fara buga wa manyanta a Nuwamban 2007 yana ɗan shekara 16. Ingila ma ba ta yi sanya ba. Ta sa masa farar rigarta tun daga matakin 'yan ƙasa da shekara 16, da 17, da 19, har zuwa 21. A gasar Turai ta 'yan ƙasa da shekara 17 da aka yi a Beljiyam a 2007, shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Faransa ta kai Ingila wasan ƙarshe, inda Sifen ta doke su. A Janairun 2010, lokacin da Palace ta faɗa cikin matsin bashi, aka sayar da shi ga Wigan kan kimanin fam miliyan biyu da rabi. A Agustan 2012 kuma Chelsea ta saye shi.

To a tsakanin nan ne aka yi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A ƙarshen 2011 hukumar FIFA ta amince masa ya sauya ƙasa, kuma a Fabrairun 2012 ya fara sa koriyar riga a wasan da aka yi da Ruwanda a Kigali. Hausawa na cewa gida biyu maganin gobara, ma'ana idan ɗaya ya kama da wuta sai ka koma ɗayan. Wannan yaro ya ga gobarar da idonsa, gida na biyu ya karɓe shi, ya ciyar da shi, ya ba shi makaranta da sana'a. Amma da aka ce ya zaɓa, sai ya juyo ya zaɓi gidan da ya ƙone. Na san abin da masu wayo za su ce: ya duba ne ya ga samun gurbi a babbar tawagar Ingila zai yi masa wuya, shi ya sa ya karkato. Mai yiwuwa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin ɗan ƙwallo ma'aikaci ne, kuma lissafi ba laifi ba ne. Sai dai ni na sha tambayar kaina, da ni ne, ko lissafin duniya zai sa in tsaya a fili, hannu a ƙirji, ana rera taken ƙasar da ta kasa tsare mini iyaye?

An ci kofin ranar 10 ga Fabrairu a birnin Johannesburg, ƙarƙashin marigayi Stephen Keshi, da ƙwallon Sunday Mba a ragar Burkina Faso, bayan shekara 19 rabonmu da shi. A daren nan titin Hammaruwa ya cika da 'yan acaɓa suna ta hon, ba ka bambance Bafulatani da Bamumuye ko Bajukune, kowa cewa yake "mun ci". Kwana 13 bayan haka, ranar 23 ga wata, rikici ya ɓarke a Wukari, cikin jiharmu, aka rasa rayuka, aka ƙone gidaje da wuraren ibada. Rahotanni suka ce daga gardama a filin ƙwallo abin ya faro. Tun daga sannan nake yin tsaki a zuci idan na ji mai sharhi a rediyo yana cewa ƙwallo ce ke haɗa kan 'yan Najeriya. Tana haɗawa, amma na minti 90.

Rayuwar Moses a Chelsea ma ba ta zo da sauƙi ba. A kakarsa ta farko ya ci ƙwallo a duka wasanni biyu na kusa da ƙarshe da Basel, ƙungiyar ta ɗauki kofin Europa na 2013. Amma da Mourinho ya dawo sai aka shiga yawo da shi kamar tabarmar aro: Liverpool shekara guda, Stoke shekara guda, West Ham shekara guda. Sunansa na cikin littafin Chelsea, albashinsa na tafiya, amma ba shi da wurin zama. A gidan kallo har an fara ce masa ɗan haya. Sai a 2016 da Antonio Conte ya zo, bayan Arsenal ta lallasa su da ci uku da nema, ya sauya tsari ya koma 'yan baya uku, ya ɗauko Moses ya ɗora shi a gefen dama, aikin da bai taɓa yi ba: ya kai hari, ya kuma dawo da gudu ya tare. Daga wasan Hull na farkon Oktoba suka ci wasa 13 a jere, suka ɗauki kofin Firimiya. Mutumin da aka yi shekara uku ana turawa gidajen maƙwabta shi ya zama ginshiƙi. Ya yi abin kunya ma, don kada a ce na zama maroƙinsa: a wasan ƙarshe na kofin FA na 2017 an kore shi saboda ya faɗi da gangan yana neman fenariti. Bayan tafiyar Conte aka sake komawa gidan jiya. Fenerbahce ta Turkiyya a 2019, Inter Milan ta Italiya a 2020, sannan Spartak Moscow ta Rasha inda ya zauna har 2024 ya kuma ci kofin ƙasar a 2022, sai Luton Town a Ingila.

Yanzu bari in zo kan kaina, domin tun ɗazu kewaye-kewaye nake yi.

Kakana ya baro ƙasar Katsina tun zamanin En'e, yana fataucin tufafi, ya yada zango a ƙasar Muri, bai sake komawa ba. A Jalingo aka haifi mahaifina, tun garin yana cikin lardin Adamawa, ya ga an yi jihar Gongola, ya ga an cire Taraba daga cikinta a 1991. A nan aka haife ni, a nan aka yanke mini cibi, a Mayo Gwoi na koyi iyo, na kuma sha bulala a kansa. Kabarin kakana da na mahaifina duk suna garin. Ban taɓa tunanin ni ɗan wani wuri ba ne sai ranar da neman gurbin karatu ya kai ni wani ofishi karɓar takardar shaidar ɗan asalin ƙasa. Ma'aikacin dattijo ne mai fara'a. Ya dubi sunana, ya ɗago kai ya ce, "Yaro, ina ne asalinku?" Na ce, "Nan ne, Baba." Ya yi murmushi ya ce, "Na ji nan aka haife ka. Asali nake tambaya." Na yi sintiri wajen sau huɗu. Na san gidaje irin namu da suka samu takardar ba tare da wahala ba, saboda suna da wanda zai tsaya musu. Mu mahaifinmu ya rasu, babu mai tsayawa.

Da na gaji sai mahaifiyata ta ce, "Ka je can mana, wurin dangin kakanka." Na hau mota kwana guda cur ina tafiya. Sun karɓe ni hannu bibiyu, an yanka mini kaza, amma da na buɗe baki sai yara suka fashe da dariya. Wata gwaggo da ban taɓa gani ba ta ce, "Ikon Allah, jikan Malam ya zama Bagware." A nan ne, ba a aji ba, na fara sanin cewa Hausata tana da suna. Mu a Jalingo Hausa harshen kasuwa ne da ya haɗa Mumuye da Fulani da Kona da Jenjo da Wurkum da Tibi da sauransu, kuma a wajen wannan hidima ta sauke wasu kayanta. Jinsi ya tafi, sai ka ji an ce "mace ya zo" ko "mota ya lalace" ba wanda zai ɗaga kai. A bakin da yawa daga cikinmu ƙ ta koma k, ta yadda ƙafa da kafa sai dai muhallin magana ya raba su. 'Yan'uwana ɗaliban harshe sun san wannan a darasin karin harshe da Hausar 'yan koyo. To ni ba a littafi na karanta ba, a kaina aka yi. A shekarata ta farko a wannan sashe sai da na yi wata guda ban ɗaga hannu a aji ba, ina tsoron kada "kasuwa ya cika" ta kuɓuce mini.

A lokacin wannan sintiri ne na tuna da Moses, na je na nemi sanin ƙa'idar da FIFA ke bi wajen tantance ƙasar da mutum zai buga wa. Abin ya ba ni mamaki saboda sauƙinsa. Idan kana riƙe da shaidar zama ɗan ƙasa, to ɗaya daga cikin abubuwa huɗu ya isa: ko an haife ka a can, ko an haifi mahaifinka ko mahaifiyarka a can, ko kakanka ko kakarka, ko kuma ka zauna a ƙasar shekara biyar. A 2004 aka ba wanda ya buga wa wata ƙasa a matakin matasa damar sauyawa muddin bai kai shekara 21 ba, a 2009 kuma, bisa shawarar Aljeriya, aka cire iyakar shekarun gaba ɗaya. Tsarin mulkinmu na 1999 shi ma, a sashe na 25, ya bi ta iyaye da kakanni wajen zama ɗan ƙasa, sashe na 28 kuma ya bar ɗan Najeriya na haihuwa ya riƙe wata ƙasar a haɗe. Na zauna na auna kaina da wannan ma'auni. Da jihohi ƙasashe ne, da na cancanci Taraba ta hanyoyi uku, na cancanci Katsina ta hanyar kaka. Gida biyu ke nan. Amma a ma'aunin ofisoshinmu, ɗaya ya ce asalina na can, ɗayan kuma yana jin harshena ya san ba a can na tashi ba.

Ba na son in zalunci dattijon nan. Na girma na gane cewa tsoron da ke bayan tambayarsa ba na banza ba ne. Guraben aiki da na karatu da tallafi kaɗan ne, ana raba su ne jiha-jiha, ƙaramar hukuma-ƙaramar hukuma, kuma ƙananan ƙabilu suna ganin idan aka buɗe ƙofa ga duk wanda aka haifa a garin, masu yawa za su shanye su a ƙasar kakanninsu. Abokina ya taɓa faɗa mini haka ƙarara, ya ce, "Ku kuna da Kano, kuna da Katsina, kuna da Sakkwato. Mu in an ture mu daga nan ina za mu?" Ban sami amsar ba shi ba, har yau kuma ban samu ba. Abin da kawai na lura da shi shi ne, lokacin da ƙungiyar FC Taraba ke buga babbar gasar ƙasa a 2014 da 2015, muna cika filin wasa na Jolly Nyame muna yi wa 'yan wasan da aka kwaso daga kudu da arewa kirari da "yaranmu", ban taɓa jin wani ya nemi ganin takardar asalin mai cin ƙwallo ba.

Haka muke yi wa na ƙetare. Alex Iwobi, da Ola Aina, da Ademola Lookman wanda ya ci wa Ingila kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a 2017 kafin ya dawo mana a 2022 har ya zama gwarzon Afirka a 2024, da William Troost-Ekong da aka haifa a Holan, da Leon Balogun da aka haifa a Jamus, duk mun rungume su. Wasunsu ba su iya ko gaisuwa da harshen iyayensu ba, ba mu damu ba. To amma rungumar tana da sharaɗi. Da aka doke mu a wasan ƙarshe a Abijan a Fabrairun 2024, zagin da aka yi wa Iwobi a intanet sai da ya sa ya goge hotunansa na Instagram, har kyaftin Ahmed Musa ya fito yana roƙon a bar shi haka. Can ma abin da ya sami Bukayo Saka ke nan, wanda shi Ingila ya zaɓa: da ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na gasar Turai a Yulin 2021, a daren nan wasu suka tuna masa launin fatarsa. Ranar nasara mai gida biyu ɗan gida ne a ko'ina. Ranar asara sai a tuna cewa baƙo raɓa ne.

Ba zan ɗora wa wasu laifin in tsame kaina ba. A gasar kofin duniya ta 2018 a Rasha, Moses ne ya farke mana da fenariti a wasan Ajantina, muna dab da tsallakewa Rojo ya ci mu saura 'yan mintoci. A watan Agusta ya ba da sanarwar ya daina buga wa Najeriya, yana ɗan shekara 27, ya ce zai mai da hankali ga ƙungiyarsa da iyalinsa. Ina zaune a gidan kallon nan da labarin ya iso, kuma da bakina na ce, "Dama ai ɗan Turawa ne, me ya sani game da kishin ƙasa?" Aka yi dariya, aka tafa mini. Abokina ne kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ma?" A lokacin ban gane abin da yake nufi ba. Ban fi wata shida da faɗin wannan magana ba na tsaya gaban teburin dattijon nan yana tambayata asali.

Takardar dai na same ta daga ƙarshe, a can garin kakana, bayan wani kawu ya rattaba hannu ya shaida cewa ni jininsu ne. Kwana biyu tak na taɓa yi a garin a duk rayuwata, kuma ko yau aka sauke ni a tasha ba zan iya kai kaina gidan ba sai da ɗan jagora. A fayil ɗina na jami'a, a layin da aka rubuta jihar asali, Katsina ce a wurin. Hausata ma ta gyaru, na iya "mota ta lalace", har nakan gyara wa ƙananan ɗalibai, ko da yake idan na yi fushi ko ina kallon ƙwallo tsohuwar takan dawo da kanta.

Makon jiya abokin nawa ya kira ni a waya, yanzu yana koyarwa a wata firamare a bayan gari. Muka taɓa hira kan ƙwallo, ya ba ni labarin an rushe tsohuwar rumfar kallon an gina shaguna a wurin. Da za mu yi sallama sai ya ce, "To Bakatsine, yaushe za ka dawo gida?" Na ce masa sai an gama jarrabawa.